Sharhi: Buƙatar horar da masu sayar da maganin ƙwari a Chinade da kewaye

A Chinade da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauchi, manomin da tsutsa ta afka wa gonarsa, ko ƙwari suka shiga wakensa, yakan nufi shagon maganin feshi tun kafin ya nemi malamin gona. Abin da yaron shago ya gaya masa game da irin magani, murfi nawa zai zuba, da yaushe zai yi feshi, shi zai bi. Saboda haka lafiyar manomi, da ta iyalinsa, da ta mai sayen amfaninsa tana rataye a kan sanin mai shago.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗar sakaci a wannan fanni. A shekarar 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan ta gano sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima. Wannan sinadari shi ne ke cikin maganin Sniper, wanda wasu ke yayyafa wa wake don ajiya. A 2019, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ta haramta sayar da ƙananan kwalabensa, ta kuma hana baje shi a kasuwanni da kantuna.

Sai dai dokar da aka kafa a Abuja ba ta aiki a ƙauye muddin mai sayarwa bai fahimci dalilinta ba. Horon da yake buƙata kuwa ba mai tsawo ba ne. Ya kamata ya san ma'anar zanen launi da ke gindin kwalba, inda ja ke nuna mafi haɗari, sai rawaya, shuɗi da kore. Ya san kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, ya daina ɗura magani a gorar ruwa ko ta lemo, ya kuma raba shi da kayan abinci. Haka nan ya gane alamun guba, kamar dalalar miyau, gumi, amai da sarƙewar numfashi, domin a garzaya da mutum asibiti tare da kwalbar, maimakon ɗura masa madara ko manja.

Horon ya kamata ya haɗa da hanyoyin da ba sa buƙatar guba. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska.

Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi da NAFDAC na iya haɗa hannu da dillalan Azare, inda ƙananan 'yan kasuwa ke saro kaya, a gudanar da horon da Hausa kafin faɗuwar damina da kuma gab da kaka. Idan shaidar horo ta zama sharaɗin buɗe shago, manomin Chinade zai sayi magani tare da shawarar da za ta kare shi.