Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Bikin Oscar



Ranar 27 ga Maris, 2022, Chris Rock ya yi wa askakken kan Jada Pinkett Smith ba'a a dandalinku, alhali ciwon zubewar gashi ke damunta. Mijinta, Will Smith, ya hau ya sharara masa mari, kuka haramta wa Will bikinku shekara 10. Ban ja da hukuncin ba. To, ba'ar fa? Jama'a na ƙyaƙyatawa, ita kuwa ta ɗaure fuska, kowa ya gani.

A caccaki ɗan fim kan wasansa ko girman kansa, shi ya jawo. Halitta da ciwo kuwa ba zaɓinsa ba ne. Don Allah ku gindaya wa masu barkwancinku wannan sharaɗi kafin su hau dandali.