Mai Ba Ka Dariya Shi Ma Yana da Cefane

An daɗe a Maiduguri rabona da ganin wasan kwaikwayon da ba shi da ubangida. In ka ji an ce akwai dirama, kafin ka samu kujera za ka hango ƙyalle a rataye a bayan 'yan wasa, ɗauke da tambarin wata ƙungiyar agaji, da na wadda ta ba ta kuɗi, da na wadda ta ba wa waccan. Ƙarshen wasan kuwa tun daga farkonsa ka san shi: wani zai ƙi wanke hannu, ciki zai murɗa masa, wata mai farar riga za ta fito ta yi wa jama'a bayani, a tafa, a raba lemo, a sa hannu a takardar mahalarta. Ban raina wannan ba, don kwalara ba abar wasa ba ce, kuma da ɗan alawus ɗin nan yara da dama suke riƙe da iyayensu. Amma wa'azi ne aka sa wa kayan wasa, kuma masu yin ma sun san haka.

Shi ya sa abin da na gani a ƙarshen makon jiya ya ƙi fita daga raina. Wasu samari da 'yan mata, galibinsu ɗalibai da masu jiran aiki, suka ari filin wata makaranta, suka jera kujerun roba, suka ɗaura zannuwan gado a matsayin labule, suka zaunar da wani yaro a bakin ƙofa yana karɓar naira 500. Ba ƙyalle, ba tambari, ba jawabin maraba. La'asar sakaliya aka daki ganga, wasa ya tashi.

Labarin wani Alhaji ne, Babarbare mai gidan haya, wanda ya ji cewa 'yan ƙungiya na biyan kuɗin shekara biyu a dunƙule. Nan take ya ba ɗan hayarsa, wani Bafulatani malamin firamare, wa'adin mako guda ya kwashe komatsansa. Ya sa aka shafa wa gidan fenti, amma bangon gaba kaɗai. Ana haka sai ga baƙo ya iso da 'yar falmaran mai aljihu barkatai, da katin shaida a wuya, da jakar kwamfuta a kafaɗa, yana Turanci ta hanci. Alhaji ya rikice. Aka shimfiɗa darduma, aka kunna turaren wuta, aka yanka kaza, shi kuwa sai "wushe, wushe" yake jerawa yana sunkuyawa har hularsa na neman faɗuwa. Matsala ɗaya: ba ya jin Turanci, kuma duk unguwar babu mai yi masa tafinta sai mutumin da ya kora.

A nan fa wasan ya yi armashi. Baƙo ya ce gidan akwai sauro. Tafinta ya gyara murya ya ce, "Alhaji, ya ce dokar ofishinsu ta hana kama gidan da aka kori malamin makaranta daga cikinsa." Baƙo ya tambayi banɗaki. Tafinta ya ce, "Ya ce a yafe mini bashin wata huɗu, alamar kai mutumin kirki ne." Alhaji ya haɗiye yawu ya yafe, sannan ya juyo gare mu ya ce tun kaka da kakanni bai taɓa ganin bawa ya yi wa ubangidansa irin wannan ba. Bafulatanin ya ce ai shi ma abin da yake mamaki ke nan. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, don haka fili ya kaure da shewa, kowane ɓangare na ganin nasa ne ya ci.

Amma inda na tabbatar yaran nan sun san aikinsu shi ne wurin buɗe jaka. Baƙon dai ya ce sai ya kwana wata uku a gidan yana nazari kafin ofis ya amince, kuma ana ta ciyar da shi. Ran nan ya shiga wanka, Alhaji ya lallaɓa ya zuge jakar kwamfuta. Babu komai a ciki sai burodi da cajar waya. Ɗan koyo da a nan zai kurma ihu ya faɗi ƙasa yana birgima. Wannan yaron bai ce uffan ba. Ya dubi burodi. Ya dube mu. Ya cire hularsa ta zanna, ya leƙa cikinta, ya mayar. Ya sake duban burodi. Sannan a hankali ya raba shi biyu, ya miƙa wa Bafulatanin rabi. Wata dattijuwa a gefena dariya ta ci ƙarfinta har tana share hawaye da bakin mayafi, wani mutum a baya kuma ya miƙe tsaye yana rantsuwa cewa wallahi maƙwabcinsa aka kwaikwaya.

Wannan shirun ba a tsintar sa a hanya. Sanin lokacin da za ka saki magana da lokacin da za ka riƙe ta, tamkar mai shayi ne da butarsa: ka sauke da wuri ya zama ruwa, ka bar shi ya wuce ya yi ɗaci. Sai an maimaita, an gwada, an kunyata a gaban abokai, kafin a gane. Haka ma yarinyar da ta fito a matsayin Hajiya, wadda a numfashi ɗaya za ta fara masifa da Hausa, ta zarce da Barbarci, ta rufe da Larabcin Shuwa, kuma na kujerar ƙarshe yana jin kowane harafi. Da magariba ta kawo jiki aka tsaya aka yi salla, aka dawo, janareta ya yi tari ya mutu. Ba wanda ya motsa. Mutanen da suka ga yadda garin nan ya kasance bayan an kayar da turakun lantarki a Janairun 2021 ba duhu ne zai tashe su ba. Jama'a suka kunna fitilun wayoyinsu suka haska dandali, Alhaji kuwa bai ko yi jim ba, ya dubi baƙonsa ya ce wannan duhun ma yana cikin kuɗin haya. Ba a rubuta wannan ba. Daga kansa ya fito a nan take.

Ba sai na tuna wa mai karatu na garin nan ma'anar taruwar jama'a a fili bayan faɗuwar rana ba. Mun ga lokacin da dokar hana fita ke kora mu gida da rana tsaka. Mun ga 2011 da aka hana acaɓa, da 2013 da aka katse layukan waya. Mun ga gobarar Monday Market a Fabrairun 2023, mun ga ambaliyar madatsar Alau a daren 10 ga Satumba, 2024. Yawancin yaran da suka yi wasan nan a cikin wannan hali suka yi wayo. Da sun fito suna kuka a kan dandali ba wanda zai ga laifinsu. Sai suka zaɓi su ɗauki tsadar haya da kwaɗayinmu da rawar jikinmu a gaban duk mai katin shaida a wuya, su mayar mana da su abin dariya. Na lura har masu gidajen haya da ke wurin sun dara, ko da yake dariyar wasunsu ba ta wuce leɓe ba.

Masu bin wannan fili sun san ba na gajiya da maganar Samanja, kuma yau ma sai sun yi haƙuri. Usman Baba Pategi, wato Samanja, soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa, kuma ya kwashe shekaru yana sa Arewa gaba ɗaya ta bar abin da take yi ta kewaye rediyo da talabijin. Ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Kasimu Yero na Karambana ya riga shi, a Satumban 2017. Rabilu Musa Ibro ya tafi a Disamban 2014. Tsohon ma'aikacin gidan yari ne, kuma a 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta tura shi can ɗin a kan harkar fim. Kowannensu da ya rasu sai saƙonnin ta'aziyya suka yi ta zuba daga manya, kowa na cewa an yi babban rashi, an rasa gwarzo. To, da ransu fa? Mu mutane ne masu iya yabon gawa. Muna son barkwanci, amma mai yin sa muna kallonsa a matsayin wanda bai samu abin yi ba, har sai ranar da aka sa shi a makara.

Kuma kada wani ya ce mini baƙon abu ne da Turawa suka kawo. 'Yan kama sun daɗe suna cin kasuwa da kwaikwayon malamai da mawaƙa, suna mayar da komai zancen tuwo da miya. Yaranmu na yin tashe duk azumi tun daga goma ga wata. Malam Aminu Kano da kansa, tun yana ɗalibi, wasan kwaikwayo ya riƙa rubutawa yana zolayar masu cutar talaka, kafin ya hau dandalin siyasa. Masu cewa ɓata lokaci ne ko ana cakuɗa maza da mata, na ji su. A wurin nan dai mata gefe guda suka zauna, kuma an tsaya an yi salla a kan lokaci.

Yanzu ga abin da ya ɓata mini rai. Ina tsaye a bakin ƙofa sai ga wasu manya sun sauko daga mota, manyan riguna na ƙamshi, suka wuce yaron nan mai karɓar kuɗi kamar ba su ga mutum ba. Da ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, tikiti," sai ɗaya ya juyo ya ce, "Kai ɗan waye? Ba ka san ni ba?" Yaro ya sunkuyar da kai. Su ne kuma suka nufi sahun gaba, aka tashi waɗanda suka biya aka ba su kujeru. Irin mutanen nan ne za ka gani a daren wushe-wushe na biki suna ɓare bandir ɗin sababbin kuɗi suna liƙi har takardu su rufe ƙafar makaɗi, saboda a can ana kiran sunansu a lasifika. A nan da ba mai kiran suna, naira 500 ta gagare su. Wannan ba talauci ba ne, raini ne. Na ga mai Keke Napep ya ajiye kekensa ya biya wa kansa da 'ya'yansa biyu, har da ƙirga canji.

Sai kuma ɗaya rukunin, masu ɗaga waya sama tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Kafin gari ya waye guntayen wasan sun cika TikTok da Facebook, kowa ya manna sunansa a kai yana tara mabiya, ba wanda ya damu ya tambayi sunan yaron da ya raba burodi. Wannan sata ce, ko da an yi ta da murmushi. Bayan an tashi na tambayi jagoran 'yan wasan yadda aka kwashe. Ya yi dariya ya ce bayan an biya kuɗin kujeru da man janaretan da ya mutu, abin da ya rage ya isa kowa ya hau Keke zuwa gida. Makonni suna maimaitawa, ladansu ke nan.

Haka muke yi har mu rasa su. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024, a garin nan aka haife shi. Halima Atete 'yar Maiduguri ce. Amma a Kano duniya ta san su, mu namu sai tinƙaho daga baya, wai ai namu ne. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa tun 1975, ta daɗe tana koyar da wasan kwaikwayo tana yaye ɗalibai. Ina suke zuwa? Mai sa'a ya nufi Kano ko Kaduna ko Abuja; marar sa'a ya koma kwaikwayon ciwon ciki a ƙarƙashin tambarin ƙungiya. Ƙungiyoyin nan kuwa ba za su dawwama ba, wasu ma sun fara naɗe tabarma. Ranar da ta ƙarshe ta tafi, in ba mu koyi biyan kuɗin kallo da hannunmu ba, dandali zai mutu.

Ba na cikin masu cewa komai sai gwamnati, amma akwai abin da ba ya buƙatar kwamiti. Muna da Open Air Theatre a cikin gari. Ina roƙon masu kula da al'adu na jiha su ware yamma ɗaya a kowane wata ga irin waɗannan yara, ba tare da kuɗin haya ba, ba tare da jawabai ba, kuma abin da aka tara a ƙofa ya zama nasu. Tashar BRTV ta aiko da kyamara, ta rubuta sunan kowane ɗan wasa a ƙarshen shiri. 'Yan kasuwarmu da ke neman inda za su tallata shinkafa da turare, ga wuri; ku sayi kujeru hamsin ku raba wa 'yan makaranta.

Kai kuma mai karatu, naka ya fi sauƙi. In ka ji an ce yara za su yi wasa a unguwarku, ka kwashi iyali ka je. Ka biya na kowa a bakin ƙofa, ko da kawun mai wasan ne kai. Ka mayar da waya aljihu. In an tashi, ka tsaya ka nemi wanda ya fi ba ka dariya, ka tambayi sunansa, ka ce masa ya iya, yanzu da yake da kunnen ji.