Jama'ar Daura, A Mayar wa Kwamfuta Kwaɗonta

Masu shagunan buga takardu, ma'aikatan ofis da na asibiti, malaman makaranta da ɗalibansu, masu sana'ar POS, fatake da dillalan kan iyaka, yau da ku nake magana.

Kwanakin baya na shiga wani shagon kwamfuta a cikin garin nan don a buga mini takarda. Aka kira la'asar, mai shagon ya ce in ɗan jira, ya ɗauki buta ya fita. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ta yi barci ke nan. Wani yaro ya shigo sayen biro, ya dafa teburin, hannunsa ya goga linzamin. Nan take ta farka, ba ta tambayi kowa komai ba. Ga hotunan fasfo na 'yan mata jere reras. Ga takardun NIN ɗauke da suna da ranar haihuwa da adireshi. Ga WhatsApp ɗin mai shagon a buɗe, saƙonni na ta shigowa. Da ya dawo na yi masa magana, sai ya ce, "Wallahi Malam ta cika damuna. Da na juya baya sai ta nemi kalmar sirri, shi ya sa na sa aka cire."

Mutumin kirki ne, na san shi. Kwaɗo biyu ne a ƙofar shagonsa, kuma ko ƙofar maƙwabci zai leƙa sai ya kulle aljihun teburin da yake ajiye ciniki. Amma abin da ya fi cinikin daraja, asirin mutanen da suka amince masa, shi ya bari a hangame. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun daga ranar nake lura, a ofisoshi da gidaje da ɗakunan malamai, abin da nake gani ke nan: an gaji da tambayar, an kira wani yaro da ya iya, an cire.

A fahimci abu ɗaya tukuna, domin a nan kuskuren yake. Kwamfutar da ta yi barci ba a kashe take ba. Ta dai rufe fuska, ta rage shan wuta, amma duk abin da ka bari a buɗe yana nan a ƙwaƙwalwarta yadda ka bar shi: wasiƙar da kake rubutawa, akwatin imel ɗinka, shafin banki, Facebook. Shi ya sa take farkawa cikin daƙiƙa biyu ta ɗora daga inda aka tsaya. Wani zai ce ai tasa tana neman kalmar sirri idan an kunna ta da safe. To, yaushe rabonka da kashe ta? Yawancinmu masu kwamfutar hannu rufe murfi kawai muke yi, mu jefa a jaka, a yi mako biyu a haka. Wanda ya cire tambayar farkawa ya bar ta kunnawa, kamar maigidan da ya sa wa ƙofar zaure sakata da dare ne kaɗai, rana kuwa ya tafi gona ya bar ta a wangale har cikin turaka.

Shekara ashirin da suka wuce, wannan magana ba ta da nauyi sosai a Daura, domin abin da ke cikin kwamfuta bai wuce takardar gayyatar biki ba. Yanzu zamani ya juya. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN, ta ɗaure duk asusun mutum wuri guda. Daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A watan Disamban 2020 aka ba da umurnin haɗa layin waya da lambar NIN. Sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya koya wa har mai sayar da ƙosai karɓar kuɗi ta waya. Ranar Lahadi a kasuwar Mai'aduwa ana cinikin shanu na miliyoyi, kuɗin ya wuce daga asusu zuwa asusu ba wanda ya ƙirga ko naira ɗaya da hannu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da Kwalejin Yusuf Bala Usman sun tara mana ɗalibai daga nesa da kusa, kowannensu ya miƙa takardunsa ga wani shago ko wani ofis. Daga Daura zuwa Sandamu, daga Zango zuwa Baure, har Kongolam, rayuwar mutane ta shige cikin waɗannan na'urori. Mai riƙe da kwamfuta a yau mai ajiyar amana ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Kada kuma ku ɗauka sai wani gwanin kutse daga ƙasar waje ne zai cuce ku. Wanda ya sami kwamfuta a buɗe ba ya bukatar ilimi. Minti biyar sun ishe shi. Ya zura filash ya kwashe hotuna, ko ya ɗauki hoton fuskar da wayarsa. Ya rubuta wa yayarka da ke aure a Kano saƙo da sunanka cewa kana asibiti, ta turo kuɗi ta wannan asusu, sannan ya goge saƙon. Idan imel ɗinka a buɗe yake, ta nan zai canza kalmomin sirrin sauran asusunka ɗaya bayan ɗaya, kai da kanka ka koma baƙo a ƙofarsu. A makaranta maki ake canzawa. A asibiti kuwa, ciwon da mutum ya ɓoye wa kowa sai likitansa, shi zai zama abin hira a majalisa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hotunan 'ya'ya mata. Yarinya ta kawo hotonta da lambar wayarta don neman gurbin karatu, ba don komai ba. Idan suka faɗa hannun ɗan iska, ya dame ta da kira, ya haɗa hoton da ƙarya ya watsa, wa zai mayar mata da mutuncinta? Kuɗi in sun tafi ana iya mayar da su. Wannan kuwa har aure yana iya ɓatawa, kuma uban yarinyar ba zai taɓa sanin cewa daga teburin wani da ya ƙi danna lambobin sirri shida abin ya taso ba.

Su kansu jami'an tsaron duniya sun san darajar kwamfutar da ke a buɗe. A watan Oktoban 2013 hukumar FBI ta Amurka ta je kama Ross Ulbricht, mai kasuwar miyagun ƙwayoyi ta intanet da ake kira Silk Road, a wani ɗakin karatu na birnin San Faransisko. Ba su far masa kai tsaye ba, domin sun san da ya rufe murfin kwamfutarsa za ta kulle kanta, bayanan cikinta kuma a sirrance suke. Sai jami'ai biyu suka ƙirƙiri faɗa a bayansa, ya waiwaya, wani ya fizge kwamfutar tana buɗe. Hukumar da ke da ƙwararru da kayan aiki irin nata sai da ta yi wannan dabara saboda kullen nan. Kullen da ya sa FBI shirya wasan kwaikwayo, shi muke cirewa da hannunmu saboda ƙiwa.

Mu mutanen Daura bai kamata a koya mana wannan ba. Ku tuna labarin Kusugu kamar yadda kakanninmu suka ba mu. Da gari ya waye aka tarar an kashe macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, mutane da yawa suka fito kowa na cewa shi ne. Magajiya Daurama ba ta karɓi maganar baki ba, ta ce a kawo kan macijin. Masu ƙarya suka watse, Bayajida ya fito da shaida. Garin nan kuma da ganuwa aka san shi da ƙofofi, har yau sunan Ƙofar Baru na bakinmu. Babu wanda ke faɗawa fada ba iso, babu baƙon da ke wuce zaure ba sallama. Tambayar da kwamfuta ke yi in ta farka ita ce tambayar Magajiya: kai ne ka ce kai ne, to ina shaidarka?

Na san abin da za a ce. "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Ranka ya daɗe, wataƙila haka ne, amma takardun da ke ciki na mutane ne, kuma ba ka nemi izininsu ba kafin ka buɗe su ga duk mai wucewa. "A gida take, ba baƙo." Gidan Bahaushe kuwa yaushe ya rasa mai shigowa? Ga 'yan aike, ga abokan yara, ga taron suna da na biki, ga baƙin Sallar Gani da ke cika gari. Ko ba mugunta, ƙaramin yaro yana iya goge aikin wata guda da yatsa ɗaya. "Allah ne mai tsarewa." Gaskiya ne, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga kuma doka. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin tsare su, aka kuma kafa hukumar da ke bin kadin hakan. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini. Amma ku sani, ranar da saƙon damfara ya fita daga asusunka, ko takardar wani ta fita daga shagonka, kai za a fara nema, kuma "ba ni ba ne, na je masallaci" amsa ce mai wuyar tabbatarwa.

Wanda ya ce tambayar na gajiyar da shi, ban ƙaryata shi ba. Doguwar kalma mai haruffa da alamomi sau talatin a yini akwai gundura. Maganin shi ne a sauƙaƙa kullen, a bar shi a wurinsa. Windows tana ba da damar sa gajeriyar lambar sirri da ke aiki a kan wannan kwamfuta kaɗai. Ka zaɓi lambobi shida, ban da 123456, ban da shekarar haihuwarka, ban da ƙarshen lambar wayarka. In kwamfutarka na karanta zanen yatsa, ka yi amfani da shi. In saurin barcinta ne ya dame ka, ka ƙara mata lokaci zuwa minti biyar ko goma. Wanda aka riga aka cire masa, ya shiga saitin, ya nemi sashen asusu, a ƙarƙashinsa akwai hanyoyin shiga. A nan ake zaɓar ta riƙa neman shaida duk lokacin da ta farka. Kuma ka saba wa hannunka: za ka tashi, ka danna maɓalli mai tambarin Windows tare da harafin L, ta kulle nan take. Bai kai lokacin zura takalmi ba. Inda mutum uku ke aiki da kwamfuta ɗaya, kowa a buɗe masa asusunsa, a daina manna kalmar sirri a jikin bango ko ƙarƙashin allon rubutu.

Gaskiya guda da ba zan ɓoye ba: wannan kulle yana tare mai wucewa ne da mai leƙe. Ɓarawon da ya ɗauke kwamfutar ɗungurungum yana iya ciro ma'ajiyarta ya karanta a wata. Masu riƙe da bayanan jama'a da yawa su nemi wanda ya sani ya kunna musu BitLocker, ko FileVault ga masu Mac, su kuma adana lambar ceto a wuri mai aminci. Waya ma haka: a kulle fuskarta, a sa wa katin sim lambarsa ta sirri, domin wanda ya zare sim ɗinka ya sa a wata waya, shi saƙonnin bankinka za su riƙa samu.

Ƙannena masu gyaran kwamfuta, ku ne ake kira a ce "cire mini wannan abu." Kada ku cire. Ku zauna da mutum minti biyu ku sa masa gajeriyar lamba, ku gaya masa dalili. Shugabannin makarantu da ofisoshi da asibitoci, ku zagaya teburan ma'aikatanku lokacin sallar azahar, ku taɓa kowane linzami, ku ga nawa ne za su buɗe. Iyayenmu limamai, kun sha yi mana huɗuba kan amana, ku shigar da wannan a ciki. Hakimai da dagatai da masu unguwanni na masarautar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninku, maganarku ce ke isa inda takarda ba ta zuwa, ku faɗa wa jama'a. Samari da 'yan mata masu ilimin na'ura, ku fara da wayar Baba da ta Inna. Ku kuma masu kai takardunku shago, haƙƙinku ne ku tambaya: Malam, in ka fita wannan kwamfutar tana kulle kanta? In an gama aikina za a goge takarduna?

Na koma wurin mai shagon nan washegari, muka zauna muka mayar da kullen, ya zaɓi lambobinsa ina kallon waje. Kai ma yau, kafin ka kwanta, rufe murfin kwamfutarka, ƙirga goma, sannan ka buɗe. In ta kai ka ciki ba tambaya, kada ka bari sai gobe. Gyara ta a daren, da safe kuma ka nuna wa na kusa da kai a wurin aiki yadda ake yi.