Zancen Lafiya: Ƙagewar Muƙamuƙi Bayan Maganin Sankara

Jama'a, wani malamin makaranta ya rubuto mana, ya ce an ƙone masa sankarar maƙogwaro da hasken na'ura a asibiti. Cuta ta tafi, amma muƙamuƙi na zogi, loma ba ta shiga, har koyarwa ta gagara.

To, Malam, ga dalili. Hasken nan ya kan bar tabo a naman tauna, ya riƙa ƙagewa cikin watanni. Jera yatsu uku tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In sun ƙi shiga, koma asibiti, gama buɗin da bai wuce milimita 35 ba likitoci na ƙidaya shi ƙagewa.

Maganinsa aikin hannu ne. Ma'aikacin gashin ƙashi zai tausa kunci ciki da waje, ya miƙar da gaɓar sannu. Zai koya maka jera itatuwan danne harshe tsakanin haƙora, kana ƙara ɗai ɗai, kullum ba fashi.

Kada maɗori ya buɗe maka da ƙarfi. Kada a cire haƙori sai da sanin likitanka, don ƙashin da hasken ya taɓa ba ya saurin warkewa. Kada ka yi jinkiri, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sawwaƙe, amin.