HARSASHIN GIWA BA KAYAN MAKIYAYI BA NE



Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, makamai suka bazu a hannun jama'a kamar fari. A cikin abin da muke gani yana yawo har da wani harsashi wanda da yawa daga yaranmu ba su taɓa gani ba, dogo, mai sheƙi, da wata 'yar ɗamara a gindin kwansonsa. Turawa na kiransa magnum. Ana tallar sa ga matasanmu cewa wai maganin zaki ne da ɓarayin shanu. Mu kam muna cewa a guje shi, kada a saya, kuma kada a yarda a ɗauko wa kowa shi.

Bari mu faɗi ko menene. Wani kamfanin Ingila, Holland & Holland, ya fito da mai lamba .375 a 1912, sannan kamfanin Winchester na Amurka ya kawo .458 a 1956. An yi su ne domin giwa da ɓauna da karkanda. Na .375 tsawonsa ya kai santimita 9, na Kalash kuwa bai kai 6 ba. Ƙwayarsa tana da nauyin giram 19, ta Kalash giram 8 ce, kuma tana cin kusan mita 760 kafin ka ƙifta ido sau biyu, wato cikin daƙiƙa guda. Abin da aka ƙera ya fasa ƙoƙon kan giwa, ina amfaninsa a bakin ruga? In ka harbi kura da dare, sai ya ratsa ta, ya ratsa saniyar da ke bayanta, in kuwa ka kuskure ya yi tafiyar kilomita uku ko fiye, ya faɗa zangon maƙwabcinka. Ga naushin bindigar a kafaɗa, wanda bai saba ba harbi ɗaya ya ishe shi.

Wannan sana'a ta kashe manyan dabbobi tun asali ba tamu ba ce. A Khartum ɗin nan tsohon shugaban Amurka Roosevelt ya ƙare farautarsa a watan Maris 1910, shi da ɗansa sun kashe dabbobi 512, aka tarbe su da girma. A 2005, shekara 16 bayan duniya ta hana cinikin haure a 1989, wani bincike ya ƙirga kayan haure fiye da 11,000 a kantunan Khartum da Umdurman. Wane ne a cikinmu yake da kanti a can? Mu wurinmu kasuwar Muwailih ce, tsakanin ƙura da kashin shanu. Amma da an ga gawar ɓauna a gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, sai a dubi Bafillace ko Bahaushen da ke kiwo a gefe, tun da shi ne ake gani da rana tsaka, mai bindigar kuwa ya daɗe da wucewa.

To amma kada mu wanke kanmu da sabulun ƙarya. Mahayan da suka tsallaka daga wajen Sudan suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida ta Kamaru a 2012, ba daga sama suka faɗo ba. Sun bi burtali, sun sha a mashaya, kuma akwai wanda ya nuna musu hanya. Nan ne namu laifin yake.

Mun sha wahalar wani shari'a a wannan ƙungiya. Yaro ɗan shekara 19 aka ba shi ƙullin kaya ya ɗora wa takarkari, aka ce masa magani ne, aka biya shi kuɗin da bai kai na ɗan maraƙi ba. Masu tsaron daji suka kwance ƙullin, sai ga harsashin giwa. Mai kaya ya ɓace, har yau. Aka tsare yaro, aka kama garken mahaifinsa baki ɗaya, kafin mu gama zirga-zirga shanu sun rame, masu ciki sun zubar, aka sayar da wasu aka biya tara. Abin da ya fi ciwo, an rufe wa dukan zangon mashayar da suke sha tun kakanni. In an kama ka da harsashin Kalash kana iya cewa tsoron ɓarayi ne, ko da yake shi ma laifi ne. Wannan kuwa ba ka da ta cewa, sunansa da aikinsa suna rubuce a gindinsa.

Domin haka muna roƙon ardo-ardo su sa ido a kan kayan da ake ɗora wa dabbobi, fatake kuma su duba abin da ake cusawa ƙarƙashin ciyawa a motocin shanu masu zuwa Umdurman. Duk wanda ya ba ka ajiya, ya kwance ta a gabanka.

Hukuma kuma ga tamu buƙatar. In an kashe dabba a daji, a tsinci kwanson tukuna, a karanta lambarsa, a duba littafin masu lasin farauta, a tambayi wanda ya shigo da shi ƙasa, kafin a kora shanun kowa zuwa ofis.