Filin Mata: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 A wannan mako za mu duba sha'anin gyaran amarya a Potiskum, musamman wadda za a yi shagalin bikinta a wani gari mai nisa.

Sanin kowa ne Potiskum mahaɗa ce. Tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga kasuwar shanu da ta yi suna a Afirka ta Yamma, ga Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Fulani da Hausawa zaune wuri guda. Ko da yake an cire Jihar Yobe daga Barno a 1991, al'adar gyaran jiki irin ta matan Barno ba ta bar garin ba, watau dilka da halawa da turaren tsuguno da humra. A da, amarya takan yi kwanaki a lalle a ɗakin gwaggonta, ana dirje ta a natse. Yanzu kuwa wasu masu hali sukan kwashi biki su kai Kano ko Abuja, har ma Dubai, sai aikin makonni ya koma na kwana uku. To, a nan gizo ke saƙa.

Abu na farko shi ne baƙin lalle. Lallenmu na gargajiya ja yake kamawa, kuma yakan ƙara duhu cikin kwana biyu. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci kuwa, galibi an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD. Jikin wasu mata ba ya karɓarsa, sai hannu ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, wani lokaci ya bar tabo. Abin tsoron shi ne ba lalle ne cutar ta bayyana nan take ba, tana iya ɗaukar kwanaki. Ke nan yarinya za ta bar Potiskum lafiya lau, ta wayi gari ranar walima a baƙon wuri da hannu a kumbure, ba ta san likitan da za ta nufa ba. Jan lalle zalla, a ɗaura shi kwana biyu kafin buki, ya fi kwanciyar rai.

Na biyu shi ne man sauya launin fata. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna shafa irinsa, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu kuma suna sa fata ta yi laushin da ko ƙaramin rauni ba ya saurin warkewa. Saboda haka wajibi ne uwa ta tambayi mai gyaran jiki abin da ta zuba a cikin dilka. Haɗin da ba shi da suna, wanda aka ce zai haskaka yarinya cikin mako guda, abin gudu ne.

Na uku shi ne tsarin lokaci. A soma dilka makonni kafin tafiya, a yi halawa da sauran kwanaki domin fata ta huce, kana a gwada hoda da jan-bakin da za a yi amfani da su tun ana gida. A tuna kuma fatar da ta saba da busasshiyar iskar Yobe za ta iya yin gumi da maiƙo a gari mai laima kamar Legas, kwalliya mai nauyi ta narke. Masu hawa jirgin sama zuwa ƙasashen waje su sani, a yawancin filayen jirage ba a barin kwalbar ruwa ko turare da ta wuce mililita 100 a jakar hannu, don haka humra sai a babban akwati, a naɗe ta da kyau.

Daga ƙarshe, ya ku iyaye, a auna aljihu. Kuɗin mai kwalliya da na motarta da masaukinta duk a wuyanku suke, alhali kuwa buki na kwana ɗaya ne, zaman aure shi ne mai tsawo. Bai kamata a ci bashi domin hoto ba, sa'an nan a kai yarinya ɗakin da babu tukunya. Kwalliyar da ta biya kuɗin sabulu ita ce wadda amarya ta wanke fuska da safe, aka tarar da fatarta lafiya kamar yadda ta bar gidan ubanta.

Allah ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.