A gyara tsohon gida, shago ya riƙe shi

Duk wanda ya san Ƙonni ya san bakin hanya shi ne dukiyar garin. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta nan ta ratsa, ga kuma wadda ta gangara iyaka, ta bi Illela ta Najeriya har Sakkwato. Shi ya sa tsohon gidan ƙasa da Allah ya sa yana kallon kwalta ba a barin sa ya sha iska. Ko dai a sayar, a rushe, a jera shagunan bulo da rufin kwano, ko kuma a bar wa damina tana cinsa kaɗan-kaɗan, magada suna ta gardama.

Ni abin da nake so in ga ya yawaita shi ne gyara: a fitar da shago a gaba, iyali su zauna a ciki, ko a bene in ginin zai ɗauka. Wannan ba baƙon tsari ba ne a ƙasar Hausa. A zaure maɗinki da baduku suke aiki tun da can, a nan fatake suke sauke kaya su yi ciniki da mai masauki, iyali kuwa suna ciki ba wanda ya gan su.

Ƙonni ba ta da rarar tsofaffin gine-gine da za ta yi wasa da su. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa birnin, ta kashe jama'a masu yawa, ta cinna masa wuta. Abin da muke kira tsohon gida a yau, galibi kakanni ne suka tayar da shi bayan wannan masifa. Zafi nake ji in na ga an kwantar da irinsa cikin yini guda.

Ba raunin laka ke kashe waɗannan gidaje ba, rashin mai kula ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka, yana son a share indararo, a duba azara ko gara ta shiga. Mai gida yana raye, yana yi. Ranar da ya faɗi, gida ya zama na gado: wannan yana Yamai, wancan yana Legas, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara zaro kuɗi. A nan shago yake da rana. In akwai haya da ke shigowa kowane wata, kuma magada suka rubuta a gaban shaidu cewa kaso kaza na gyara ne kafin a raba saura, gidan ya samu mai ciyar da shi. In kuma mai shagon ne ke kwana a ciki, ya huta da biyan mai gadi da kuɗin kabu-kabu safe da yamma. Mun ga yadda kasuwa ta mutu da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake ɗanɗana irinta bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu a Yulin 2023. Ɗan kasuwar da ke biyan haya biyu, ta gida da ta shago, shi ya fara durƙushewa.

Sai dai gyara suna ya tara. Siminti yana nan kusa da mu a Malbaza, kuma ba ni da faɗa da shi: a sa shi a daɓe, a gindin katanga, a magudanar ruwa. Amma a shafe bangon laka da shi gaba ɗaya, wannan ɓarna ce. Danshi yana maƙalewa a ciki, bango ya ruɓe ba a gani, wata rana shafen ya ɓanɓare da rabin katanga. Tsohon masallacin Damagaram da ruwan Satumbar 2024 ya kayar ya isa ya nuna mana cewa daminar yanzu ba ta raga wa ginin ƙasa, dole a fara da rufi da hanyar ruwa kafin a yi zancen fenti.

Gwanaye kuwa muna da su a jihar Tawa. Masallacin Yama, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, kuma da laka aka yi shi. A Dandaji, tsohon masallacin garin ya kusa shan rusau, sai Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara a mai da shi ɗakin karatu, aka kira maginan da suka san ginin tun asali suka gyara, aka kammala a 2018. In masallaci ya karɓi sabon aiki ya rayu, gidan ɗan kasuwa ma zai karɓa.

Na san za a ce ina sutura, in masu saye suna kai da komo a ƙofar gida? A raba ƙofa, ta shago ta kalli hanya, ta iyali ta bi lungu. Abin da ba ni da sassauci a kansa shi ne fetur. Kowa ya san yadda ake sayar da shi a jarka da kwalba a garin nan. Ɗakin da yara ke kwana kada ya haɗa bango da ma'ajiyar mai, ko nawa ɗan haya zai biya.

Ina kira ga ma'aikatar magajin gari da fadar Sarkin Ƙonni su zagaya da magina su ƙidaya tsofaffin gidajen da suka rage a bakin hanya da kewayen kasuwa. Wanda ya gyara nasa bisa ƙa'ida, a sassauta masa harajin shago na 'yan shekaru. Ku kuma magada, kafin ku kira dillali, ku kira magini ya duba muku bango.